Ina ake adana tsofaffin littattafai da hotunan Wales, kuma yaya ake auna gaskiyarsu?

Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin adana takardun tarihi ta aiko mini da tambaya. An ba ta aikin nazari a kan taskokin tarihin Wales, yankin nan na Birtaniya da ke yamma da Ingila, mai harshensa na kansa. Ta ce: "Malam, ina suke ajiye tsofaffin littattafansu na rubutun hannu da tsofaffin hotunansu? Idan kuma na same su, zan iya kafa hujja da abin da ke ciki kai tsaye?"

Malama, rabin farko na tambayarki mai sauƙi ne. Mafi yawan abin da kike nema yana Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke garin Aberystwyth, a bakin teku, kan wani tudu da ake kira Penglais. An kafa shi da takardar izinin sarauta a 1907, ya fara aiki a 1909 a wani ginin aro, aka aza harsashin gininsa na yanzu a 1911. A lokacin an yi ja-in-ja tsakanin Aberystwyth da Cardiff, aka raba gardama: Cardiff ta sami gidan adana kayan tarihi, Aberystwyth ta sami ɗakin karatu. Hotunan da ke wurin kaɗai sun doshi miliyan guda.

Rabi na biyu shi ne mai nauyi, a kansa zan daɗe. Duk warƙar da kika gani a taska ta bi ta hannun mutane kafin ta iso gabanki, kowane hannu kuwa ya bar tabonsa: wani ya kwafa, wani ya goge, wani ya ƙara, wani ya zaɓi wanda zai ajiye ya watsar da saura. Kamar yadda malamanmu ba sa karɓar ruwaya sai sun tambayi isnadinta, haka za ki riƙa tambayar kowane kundi da kowane hoto: wa ya yi ka, don wa, kuma a hannun wa da wa ka kwana?

Mu fara da littafin da suka fi ji da shi, Baƙin Littafin Carmarthen, wanda a harshensu suke kira Llyfr Du Caerfyrddin. An rubuta shi wajen shekarar 1250, kuma shi ne mafi tsufa cikin littattafan da suka tsira waɗanda aka rubuta da harshen Welsh zalla. Ɗan ƙarami ne, warƙa 54 na fata. Mutum ɗaya ya rubuta shi, ga alama a tsawon shekaru masu yawa, don in kika duba za ki ga baƙaƙen farko manya-manya ne, suna ta ƙanƙancewa yayin da littafin ke tafiya. Waƙoƙi ne a ciki, na addini, na yabon sarakuna, da na tsofaffin jarumai irin su Arthur da Myrddin. Ana danganta shi da gidan 'yan zuhudun Kirista na Carmarthen. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe irin waɗannan gidaje tsakanin 1536 da 1540, littattafansu suka watse, da yawa suka hallaka. Wannan ya faɗa hannun Sir John Prise, wanda yana cikin jami'an da aka tura aikin rushewar, kuma shi ne ya wallafa littafi na farko da aka buga da harshen Welsh a 1546.

Sai kuma wani daga cikin waɗanda suka mallake shi a ƙarni na 16 ya ga gefen shafukan cike da rubuce-rubucen masu karatu na baya, ya ɗauke su ƙazanta, ya kankare su. Shekara ɗaruruwa ana kallon gefen nan fari fat. A 2015 masana biyu daga Jami'ar Cambridge, Myriah Williams da Paul Russell, suka haska shafukan da hasken ultrabayolet, wanda ke fito da sauran tawadar da ta nutse cikin fata, sai ga baitocin waƙa da aka goge, har da zanen fuskoki biyu suna leƙowa daga ƙasan wani shafi. Ina yawan ba ɗalibai wannan labari saboda mutumin da ya kankare hashiyar nan ba maƙiyin littafin ba ne. Masoyinsa ne, gyara yake ganin yana yi.

Yadda littafin ya iso Aberystwyth shi ne labarin yawancin 'yan'uwansa. Wani mai ƙasa, Robert Vaughan na gidan Hengwrt kusa da Dolgellau, wanda ya rasu a 1667, ya kashe rayuwarsa yana tara tsofaffin littattafai. Tarin ya zauna a zuriyarsa kusan shekara 200, sannan a 1859 ya koma ta hanyar wasiyya ga W. W. E. Wynne na gidan Peniarth. Daga 'ya'yan Wynne ne Sir John Williams, likitan gidan sarautar Birtaniya, ya saye shi a 1904, ya kuma yi alkawarin bayar da shi ga ɗakin karatu na ƙasa da sharaɗin a gina shi a Aberystwyth. Wannan sharaɗi na cikin abin da ya rinjayar da gardamar da na ambata. Shi ya sa za ki ga ana kiran littattafan da lambar Peniarth: Baƙin Littafin shi ne Peniarth 1, Littafin Taliesin, tarin tsofaffin waƙoƙi na farkon ƙarni na 14, shi ne Peniarth 2, Farin Littafin Rhydderch na wajen 1350, mai ɗauke da tsofaffin tatsuniyoyin Mabinogi, shi ne Peniarth 4 da 5. Tarin ya haura kundi 500, kuma a 2010 aka sa shi cikin rajistar UNESCO ta Birtaniya ta muhimman takardun tarihi.

Ki lura da abin da wannan ke nufi. Kaso mai tsoka na tsohon adabin al'umma guda ya rataya ne a kan ɗakin mutum ɗaya da wuta ba ta ci ba. Wasu ɗakunan ba su yi wannan sa'a ba. Gobara ta cinye ɗakin karatun gidan Hafod a 1807, ta cinye na gidan Wynnstay a 1858, da littattafan rubutun hannu a cikinsu waɗanda wasu ba su da kwafi a ko'ina. Akwai kuma kundin Hendregadredd, babban tarin waƙoƙin mawaƙan fadar sarakunan Wales, wanda ya ɓace tsawon shekaru, sai a 1910 aka tsince shi cikin wata durowar tufafi a wani gida kusa da Criccieth, aka saya wa ɗakin karatun a 1923. Don haka in kika ji wani ya ce "babu wannan a tsohon adabin Wales", ki gyara masa: babu shi a cikin wanda ya tsira.

Kada kuma ki tsaya a Aberystwyth kaɗai, don wasu manyan abubuwan suna wajen Wales. Jan Littafin Hergest, babban tarin tatsuniyoyi da waƙoƙi wanda aka rubuta bayan 1382 don wani attajiri mai suna Hopcyn ap Tomas, mallakin Kwalejin Jesus ce ta Oxford tun 1701, yana ajiye a ɗakin karatu na Bodleian. Wasiƙar da Owain Glyndŵr, jagoran tawayen Wales kan mulkin Ingila, ya aika wa Sarkin Faransa Charles na Shida daga Pennal a 1406, inda ya zayyana burinsa na coci mai cin gashin kanta da jami'o'i biyu a Wales, tana taskar ƙasa ta Faransa a Paris. Wasu daga cikin baitoci mafi tsufa na harshen suna gefen wani littafin Latin a Cambridge.

Wanda ya fi taɓa zuciyata cikin waɗannan yana babban cocin Lichfield a Ingila. Littafin Linjila ne na ƙarni na 8, da Latin, amma ya taɓa zama a Llandeilo ta Wales, kuma mutanen wurin sun mai da gefen shafukansa rajistar gari. A nan aka rubuta cewa wani mai suna Gelhi ya ba da dokinsa mafi kyau ya karɓi littafin, ya sadaukar da shi ga cocin. A nan kuma aka rubuta sulhun wata rigimar gona tsakanin iyalai biyu, wadda aka kashe da biyan doki da shanu, kuma wannan ɗan rubutu yana cikin mafi tsufan jimlolin Welsh da ake da su. Sun zaɓi gefen littafi mai tsarki ne don sun san ba wanda zai kuskura ya taɓa shi. Mai neman rayuwar talakawa a irin waɗannan littattafai, a gefen shafi ya fi samunta.

Littattafan shari'a na buƙatar taka-tsantsan na musamman. Ana kiran tsohuwar dokar Wales da sunan Sarki Hywel Dda, wanda ya rasu wajen 950, amma kwafe-kwafen da suka tsira sun fara ne daga ƙarni na 13, wato tazarar kusan shekara 300. A ciki za ki ga farashin kowace dabba har da kyanwa, da yadda ake raba dukiya idan aure ya mutu bayan shekara bakwai, aladu ga miji, tumaki ga mata. Suna da daɗin karatu, Peniarth 28 ma har da zane-zanen sarki da fadawa da dabbobi. Sai dai littattafan aiki ne na masana shari'a, kowanne yana ƙara abin da ya dace da zamaninsa, don haka hujja ce a kan ƙarnin da aka kwafe su kafin su zama hujja a kan zamanin Hywel. Ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙarami mai shiga aljihu na ƙarni na 14, ya yi dogon zama a Boston ta Amurka, sai a 2012 ɗakin karatun ya sayo shi a gwanjo kan fam 541,250.

Akwai kuma jabu. Edward Williams, wanda aka fi sani da Iolo Morganwg, magini ne daga Glamorgan da ya rayu daga 1747 zuwa 1826. Masani ne na gaske, ya kwafi tsofaffin littattafai da yawa, amma ya riƙa tsara waƙoƙi da kansa yana jingina su ga mawaƙan da, har da Dafydd ap Gwilym, babban mawaƙinsu na ƙarni na 14. Ya ƙware har aka yi fiye da shekara ɗari ana karanta nasa a matsayin na asali, sai a shekarun 1920 G. J. Williams ya bi takardunsa ya tsefe su. Takardun suna nan Aberystwyth, suna kuma da daraja ƙwarai, amma a matsayin shaida kan Iolo da zamaninsa. Duk abin da isnadinsa ya tsaya a kan Iolo shi kaɗai, ki ajiye shi gefe har ki sami wata majiya.

Yanzu hotuna. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage sai an bi karin maganar a hankali, don hoto na nuna abin da mai kyamara ya ga dama ya tsaya a gabansa ne kawai.

Hoto mafi tsufa da aka sani an ɗauka a Wales shi ne na gidan Margam da ke kudancin Wales, wanda wani limamin coci, Calvert Richard Jones, ya ɗauka ranar 9 ga Maris 1841, shekara biyu kacal bayan an bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto. A kan farantin tagulla mai rufin azurfa yake, irin wanda ba a iya wanke kwafinsa, guda ɗaya ne tak. Ba mamaki da abin ya fara daga wannan yanki: mai gidan Margam ɗan'uwan Henry Fox Talbot ne, wanda ya ƙirƙiro hanyar ɗaukar hoto a takarda. Wata 'yar'uwar Talbot ɗin, Emma, ita ce matar John Dillwyn Llewelyn na Penllergare kusa da Swansea, gidan da ya zama kamar makarantar hoto a shekarun 1850. Ƙanwar John, Mary Dillwyn, ita ake ɗauka mace ta farko mai ɗaukar hoto a Wales. Ta yi amfani da ƙaramar kyamara mai saurin kama haske, shi ya sa ta samu abin da sauran ba su samu ba: yaro yana murmushi, da mutane suna gina mutum-mutumin ƙanƙara. Hotunan nan masu kyau ne matuƙa. Amma a daidai lokacin Swansea ce cibiyar narkar da tagulla ta duniya, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin leburori, kuma da wuya ki ga wannan a kundin hotunan gidan. Lambu za ki gani, da tafki, da 'ya'yan masu gida. Kyamara a lokacin kayan masu hali ce.

Wanda ya juya ta wajen talakawa shi ne John Thomas, ɗan lebura daga ƙauyen Cellan, wanda aka haifa a 1838 ya rasu a 1905. Ya buɗe shagon hoto a Liverpool a 1867, inda mutanen Wales 'yan ci-rani suke da yawa, ya fahimci suna marmarin ganin garuruwansu da fitattun masu wa'azinsu. Sai ya riƙa zagaya Wales da kayan aikinsa. A shekarunsa na farko sai an shafa wa farantin gilashi magani, a ɗauki hoton, a wanke shi nan take kafin ya bushe, don haka mai hoto na tafe da ɗakin duhunsa duk inda ya sa gaba. Ya ɗauki teloli, maƙera, masu fasa dutse, tsofaffin gidan gajiyayyu, kasuwannin dabbobi, har da yara biyu 'yan Kongo, Kinkasa da Nkanza, waɗanda mai wa'azi William Hughes ya zo da su a 1885 kafin ya buɗe makarantar horar da 'yan Afirka a Colwyn Bay. Da ya tsufa ya zaɓi faranti sama da 3,000 ya sayar wa marubuci O. M. Edwards don mujallarsa, daga nan suka iso ɗakin karatun. Kalmar "ya zaɓi" ita ce abin riƙewa: abin da muke da shi zaɓinsa ne, kuma tun farko don sayarwa ya ɗauka.

Nan ne maganar doguwar baƙar hular nan ta matan Wales ke shigowa. Za ki ga hotuna barjat na mata sanye da ita, suna saƙa ko shan shayi a ƙofar gida. An sa irin wannan hula da gaske a wani zamani, amma lokacin da kyamara ta yawaita ta riga ta fara fita daga kayan yau da kullum, ta zama alamar ƙasa. Da yawan hotunan shirya su aka yi don a sayar wa baƙi. Ki duba bango ko zane ne aka rataya, ki duba ko kaya iri ɗaya na maimaituwa a jikin mata daban-daban. Haka kuma rashin murmushi da sandarewar mutane: sai sun tsaya cak na wasu daƙiƙoƙi, wanda ya motsa ya fito dishi-dishi. Kada ki karanta baƙin ciki a fuskar da umarnin mai hoto ne ya daskarar da ita.

A ƙarni na 20 babban suna shi ne Geoff Charles, ɗan jarida mai ɗaukar hoto da ya rayu daga 1909 zuwa 2002, ya yi shekaru yana wa jaridar Y Cymro aiki. Ya bar wa ɗakin karatun dodon hoto kusan 120,000. Shi ya ɗauki hoton nan na 1945 na tsohon mawaƙi Carneddog da matarsa Catrin suna tsaye suna kallon duwatsu, za su bar gonarsu bayan rasuwar ɗansu. Shi kuma ya bi mutanen ƙauyen Capel Celyn a kwarin Tryweryn, wanda majalisar dokokin Birtaniya ta amince a 1957 a nutsar da shi don samar wa Liverpool ruwan sha, duk da cewa babu ɗan majalisar Wales ko ɗaya da ya goyi baya. Mutum 48 suka rasa muhallinsu, aka buɗe madatsar a 1965. Makarantar ƙauyen, da ɗakin ibadarsa, da gidan wayarsa duk sun tafi, amma a hotunan nan za ki ga yaran suna zaune a ajinsu. Darajar tarin Geoff Charles a wurin mai bincike ita ce dodon hotunan na nan jere, don haka za ki ga waɗanda edita ya buga da waɗanda ya bari, kuma bambancin da ke tsakaninsu kansa abin nazari ne. Irin wannan fim kuwa yana da ciwonsa: in ya fara lalacewa yana warin tsami kamar ruwan kal, ya yamutse, shi ya sa ake ajiye shi a ɗaki mai tsananin sanyi ana kuma gaggawar ɗaukar kwafinsa a kwamfuta.

Sauran wuraren a taƙaice: gidan tarihin St Fagans kusa da Cardiff, da aka buɗe a 1948, don rayuwar karkara da muryoyin tsofaffi da aka naɗa, taskar Glamorgan don tashar jiragen ruwan Cardiff, inda matuƙa daga Yaman da Somaliya da Afirka ta Yamma suka zauna, Jami'ar Swansea don takardun masu haƙar kwal.

Ba sai kin yi tafiya ba kafin ki fara. Baƙin Littafin, da Littafin Taliesin, da hotunan John Thomas da Geoff Charles duk suna shafin intanet na ɗakin karatun kyauta, haka ma tsofaffin jaridu daga 1804 zuwa 1919 da wasiyyoyin da aka yi kafin 1858. Abin da zai ba ki wahala shi ne sunaye. Gari ɗaya na da suna biyu, Cardiff ita ce Caerdydd, Swansea ita ce Abertawe, sai ki nema da duka biyun. Harshen kuma na sauya harafin farkon kalma gwargwadon abin da ya gabace ta, Cymru ta koma Gymru ko Nghymru, injin bincike kuwa ba lallai ya gane ɗaya ba ne. A tsofaffin takardu mutane ba su da sunan iyali, sai "ap" da "ferch", daidai da "ɗan" da "'yar" namu. Da aka koma sunan iyali sai Jones da Williams da Davies suka cika ko'ina, har ya zama da sunan gona ake bambance mutum. An kuma sauya iyakokin gundumomi a 1974 da 1996, don haka ki san tsohon sunan gundumar da kike nema.

Idan Allah ya kai ki can, fensir kaɗai ake rubutu da shi a ɗakin karatun, ba biro ba. Fata ana taɓa ta da hannu wankakke busasshe, don safar auduga na rage jin yatsa har a yaga warƙa, hotuna ne ake sa wa safar roba. Duk abin da kika ɗauko ki rubuta lambarsa ta taska da lambar warƙa nan take. Kafin ki buɗe kundin kansa, ki karanta bayanin da masu taskar suka rubuta a kan inda ya fito, kuma don littattafan rubutun hannu ki nemi babban aikin Daniel Huws mai juzu'i uku da ya fito a 2022, wanda ya bi littattafan Wales da magatakardansu daga wajen shekarar 800 zuwa 1800.

Don aikin da aka ba ki, shawarata ki ɗauki abu biyu kawai, kundi ɗaya da hoto ɗaya, misali Baƙin Littafin da ɗaya daga cikin hotunan Capel Celyn, ki bi kowanne hannu bayan hannu tun daga ranar da aka yi shi har ranar da aka ba shi lamba a Aberystwyth. In kin haɗa jerin hannayen, ki turo mini mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.